Yadda muka mai da saman silin ɗakin kwana a Manchesta, ɗumin gida bai zurare ba

Gidanmu a kudancin Manchesta irin gidajen jeren nan ne na jan bulo da aka gina wajen shekarar 1900, bangon dama mu biyu ne da maƙwabci, na hagu ma haka. Ɗakunan kwana biyu ne, sai wani ɗan ƙarami da gado ɗaya ke cika shi. Da babbar 'yarmu ta kai shekara goma sha uku, ga ƙannenta maza biyu, ga Hajiya mahaifiyata da takan zo daga Zariya ta yi mana watanni, sai gidan ya yi mana kaɗan. Sayen wanda ya fi shi girma ya fi ƙarfinmu. Abin da ya rage shi ne sararin nan da ke tsakanin silin da rufi, wanda Turawa ke kira lof, inda muke jibge akwatuna da jakunkunan gana-mas-go. Mun yi aikin tsakanin Afrilu da Yunin 2023, bayan hunturun da kuɗin gas da wuta ya kai sai da gwamnati ta sa hannu ta tsayar da na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara. Saboda haka tun daga farko ɗumi ne a raina, ba fenti da labule ba.

Ɗan'uwa, akwai gaskiyar da ba kowane ɗan kwangila zai gaya maka ba. Ƙara ɗaki a sama ba ya rage kuɗin gas don kansa, ai wurin da za a ɗumama ka ƙara. In ragin kuɗi kaɗai kake nema, ba ka buƙatar ɗaki: sayi audugar gilashi ka shimfiɗa a kan silin har kaurinta ya kai milimita 270, aikin yini ɗaya ne, kuma ƙungiyar Energy Saving Trust ta ce gidan da ba a tare rufinsa ba, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta sama yake fita. Amma in ɗakin ya zama dole, to ka sani wannan ne karo guda da rufin gidanka zai kasance a buɗe a gabanka, katako ɗaya-ɗaya. Da zarar an buga allon filasta an shafe, abin da ke bayansa ya tafi ke nan shekaru talatin ko fiye. Tun ran gini ran zane.

Fara da tef ɗin awo da tocila. Hau saman, ka taka kan katako kawai, kada ka taka silin ɗin kansa, ka auna daga saman katakon da kake tsaye a kai zuwa ƙasan katakon da ke can ƙololuwar rufi. Magina sukan ce in bai kai mita 2.2 ba, aikin zai yi wuya. Namu ya ba da 2.45, na yi murna, sai injiniya ya zauna da ni ya yi mini lissafi: sabon daɓen katako zai ci kusan santimita 20, domin tsofaffin katakan silin ba don ɗaukar mutum da gado aka yi su ba, makarin ɗumi, wato abin da ake shimfiɗawa don hana ɗumi fita, da filasta su ma su ci nasu daga sama. Abin da ya rage bai fi mita 2.1 da ɗan wani abu ba. Ka riƙe wannan lissafin, domin a nan ne ake fara cin amanar makarin ɗumi. Da tsawo ya yi ƙaranci, abu na farko da za a ba ka shawarar ragewa shi ne kaurinsa.

Ka duba irin ginin rufin kuma. Tsofaffin gidaje irin namu, kafinta ne ya yanka raftocinsu, wato katakan da ke gangarowa daga ƙololuwa suna ɗauke da rufi, a wurin, tsakiyar a buɗe take, ta fi sauƙin aiki. Gidajen da aka gina daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yau, yawancinsu za ka tarar da siraran katakai sun gicciye ko'ina kamar harafin W. Waɗannan su ke riƙe da rufin, ba a yanke ko ɗaya sai injiniya ya zana ƙarafan da za su karɓi nauyin. In ka ga kashin jemage ko alamar suna kwana a wurin, tsaya: doka ta kare su a ƙasar nan, taɓa makwancinsu laifi ne. In gidan ya girmi shekarar 2000, a duba asbestos, wani tsohon kayan gini da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu, musamman tsohon tankin ruwa da abin da aka naɗe bututai da shi, don sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya.

Maganar izini iri biyu ce, mutanenmu da yawa kan haɗa su wuri ɗaya. Abin da zan faɗa na Ingila ne. Sikotilan da Wales suna da nasu. Na farko izinin tsara gari. Sau da yawa ba a buƙatarsa in abin da za ka ƙara wa rufin bai wuce mita kubik 40 ba a gidan jere, ko 50 a gidan tagwaye da mai zaman kansa, bai ɗara ƙololuwar rufin ba, kuma ba ta fuskar da ke kallon titi ka turo shi ba. Wannan sassaucin bai shafi filat ba, bai shafi unguwannin da aka keɓe don adana tarihi ba. Ko da kana cikinsa, nemi takardar shaida daga kansul, wato ƙaramar hukuma, cewa aikin halal ne a doka, ranar sayar da gida za ka gode wa Allah. Na biyu ƙa'idojin gini, waɗanda ba makawa gare su: sufeto zai riƙa zuwa yana dubawa mataki-mataki. Tun 15 ga Yunin 2022 aka tsaurara sashen da ya shafi ɗumi. Ana auna yoyon ɗumi da abin da ake kira lambar U, kuma ƙanƙantarta shi ne kyanta. Sabon rufi 0.15, sabon bango 0.18, taga 1.4. Rubuta su a takarda, ka sa a rubuta su cikin yarjejeniyarka da ɗan kwangila.

Sai maƙwabci. Ƙarafan da za su ɗauki sabon daɓe a cikin bangon da kuka haɗa za a zaunar da su, kuma dokar bangon haɗaka ta 1996 ta wajabta ka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin aiki. Yana da kwana 14 ya amsa. In bai amsa ba ko ya ƙi, sai an ɗauko mai duba gini, kuma galibi kai za ka biya. Ni ban fara da takarda ba. Uwargida ta soya cincin, muka shiga wurin dattijuwar da ke damanmu muka zauna, na nuna mata zanen, na gaya mata ranakun da za a yi ƙara. Takardar ta biyo baya, ta sa hannu a ranar. Haƙƙin maƙwabtaka ne kafin ya zama doka.

Yanzu ga zuciyar aikin. Makarin ɗumi iri uku na auna. Akwai audugar gilashi ko ta dutse, mai araha, ba ta cin wuta, tana tare ƙara, amma tana son kauri mai yawa. Akwai allon PIR, wani busasshen soso mai tauri da fuskar alminiyam gaba da baya, wanda kusan rabin kaurin auduga ya ishe shi ya yi aikinta, shi ya sa ya zama ruwan dare a irin wannan aiki. Akwai kuma allon ɓarɓashin itace da aka matse, mai nauyi, mai tsada, mai cin wuri. Zan dawo kansa. Abin da ban ko saurara ba shi ne kumfar da ake fesawa kai tsaye a ƙasan tayil. Tana ɓoye katako ba a ganin ko yana ruɓewa, kuma bankuna da yawa a ƙasar nan suna ƙin ba da bashin gida a kan gidan da aka fesa wa ita. Araha ba ta ado.

Mun ɗauki PIR saboda ƙarancin tsawo. Raftocinmu milimita 100 ne zurfinsu, kuma a ƙarƙashin faifan dutsen rufin akwai tsohuwar baƙar shimfiɗa mai kwalta, wadda ba ta numfashi. Irin wannan dole a bar tazarar milimita 50 tsakaninta da makarin ɗumi, iska ta riƙa shiga ta bakin rufi daga ƙasa, ta bi tazarar, ta fita ta ƙololuwa, ta kwashe danshi. In aka toshe wannan hanya, raɓa za ta taru a kan katako duk hunturu, ba mai gani, sai ranar da rufi ya fara lotsawa. Don haka kafinta ya ƙara wa kowane rafta katako mai milimita 50 daga ciki, aka sami 150: hamsin na iska, ɗari na allo. Sannan aka sake shimfiɗa wani allon mai milimita 75 a ƙarƙashin raftocin, ya rufe su baki ɗaya. Wannan shimfiɗa ta biyu ita ce wadda za a ce maka ba lallai ba ce. Lallai ce. Katako yana wuce da ɗumi sau da yawa fiye da allon, in ba a rufe shi ba kowane rafta ya zama gada da ɗumi ke bi ya fita, har wata rana ka ga layukansu sun yi duhu a jikin silin.

Amma kauri ba shi ne duka ba, kuma a nan na fi son ka saurare ni. Allon PIR ba ya lanƙwasa, tsofaffin raftoci kuwa ba su miƙe ba. In aka yanka shi da gaggawa, sai a bar tsaga ta kaurin yatsa a gefe, iskar waje mai sanyi ta zagayo ta gabansa, ka biya kuɗin allo amma sanyi na shafar bayan filastarka kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane allo ya shiga da ƙyar, abin da ya rage na tsaga a cike shi da kumfar gwangwani, sannan a bi kowace mahaɗa da salatif ɗin alminiyam har fuskar ciki ta zama kamar ƙyalle ɗaya, ba huda ba yaga. Wannan fuskar ita ce ke hana tururin cikin gida kaiwa ga katako mai sanyi. Mai wayarin wuta shi ne ke zuwa daga baya ya huhhuda ta. Mu mun ƙi ƙwayayen fitila masu nutsewa cikin silin saboda haka, muka sa masu maƙalewa a fuska, kuma duk inda waya ta ratsa aka liƙe.

Kuskuren da aka yi mana a gefen ƙasa ne, inda rufi ya gangaro ya haɗu da daɓe. A nan akan tayar da ɗan gajeren bango a bar lungu a bayansa don ajiya. Wani maraice bayan ma'aikata sun tashi, na kutsa lungun da tocila, na sa hannu a ƙarƙashin sabon daɓen, sai na ji iska na kaɗawa tsakanin katakan kamar an buɗe taga. Iskar da aka shigo da ita don ta bi saman allo ta sami hanya ta ƙasan ɗakin, tana ratsa gidan daga gaba zuwa baya, a kan silin ɗin ɗakunan da muke kwana. Washegari na kira shugabansu na ce: "Maigida, zo ka sa hannunka a nan." Bai yi gardama ba. Aka ci gaba da allon yana bin raftoci har ƙasa inda suka sauka a kan bango, aka toshe tsakanin kowane katako da yankin allo, aka bar tazarar sama kaɗai a buɗe. Da an riga an buga filasta, da har yau muna mamakin abin da ya sa ƙafa ke sanyi a sabon ɗaki. Shawarata ke nan ga kowa: makarin ɗumin ya gangara har ƙasa, lungun ajiya ya kasance cikin ɗumi, ƙofarsa ba za ta zama mashigar sanyi ba.

Bangon haɗaka ma kada a manta da shi. A ƙasa, ɗakin maƙwabci mai ɗumi ne a bayansa. A sama kuwa lof ɗinsa ne mai sanyi kamar waje. A wasu tsofaffin gidajen jere ma bangon bai kai har rufi ba, sai an cike shi saboda wuta. Mun sa masa audugar dutse da allon filasta, ta tare sanyi ta kuma tare ƙara. In ka turo akwatin ɗaki ta bayan rufi don samun wurin tsayuwa, wanda ake kira doma, gefunansa biyu sirara ne, a nan ma ake yawan sakaci. Tsaya a kansu.

Danshi kuwa, gidan Bahaushe a Turai ya fi na Bature haɗa shi, gara mu faɗa wa kanmu. Tukunyar tuwo da miya na tafasa awa biyu, alwala sau biyar mutum shida, wanka safe da yamma, wanki a shanye a kan rediyeta don ruwan Manchesta ba ya ɗaukewa. Duk tururin nan sama yake hawa, kuma yanzu ka liƙe saman. In ba ka ba shi hanya ba, baƙar fumfuna za ta fito a kusurwa da gefen taga. Banɗakin sama ya sami fanka mai zuƙe aƙalla lita 15 a daƙiƙa, bututunta ya fita har waje, ba ya tsaya a cikin rufi ba, kuma ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe fitila. Ta kicin ma ta fitar waje. 'Yan ƙananan kafofin iska da ke saman tagogi a bar su a buɗe ko da hunturu. Na sha shiga gidajen 'yan'uwa na ga an liƙe su da salatif don gudun sanyi, ga bango yana zufa.

Zafi ma magana ce, ko da mutum zai ce wane zafi a Ingila. Ranar 19 ga Yulin 2022 an auna digiri 40.3 a garin Coningsby, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu a Zariya ya san abin da rufi ke iya yi wa mutum, ya kuma san bambancinsa da soron kakanni na ƙasa da azara, wanda rana ke dukansa yini guda amma zafin ba ya isowa ciki sai dare ya yi an sami iska. Nauyin ƙasar ne ke jinkirta zafin. Allon ɓarɓashin itace da na ambata irin wannan aikin yake yi, PIR kuwa ba shi da nauyi. Da muna da tsawon da ya isa, da shi na ɗauka, kuma wanda rufinsa ke kallon kudu ya yi tunaninsa da kyau. Tunda ba mu samu ba, sai muka bi ta taga. Mun sa biyu a fuskoki biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, kuma muka sa musu labule ta waje, domin labulen ciki sai bayan rana ta riga ta wuce gilashi yake tare ta. Kada kuma kwaɗayin haske ya sa ka cika rufi da tagogi. Dubi lambobin U ɗin can: 1.4 na taga da 0.15 na rufi. Faɗin taga ɗaya yana zubar da ɗumi kusan sau tara na daidai faɗinsa a rufi. Ka tabbata an sa zoben makarin ɗumi da ke zagaye firam ɗin, kamfanoni irin su Velux suna sayar da shi tare da tagar, amma akan bar shi don rage kuɗi.

Tsohon tankin ruwan da ke saman dole ya tashi, wannan ya sa muka koma boilar kombi mai dafa ruwa nan take. Mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ma'aikatan gas ta hukuma, kaɗai zai taɓa gas. Ya lissafa girman rediyetan sabon ɗaki daga yoyon ɗuminsa, ba da ido ba, ya sa masa famfo mai daidaita kansa, ya kuma sauke zafin ruwan da ke zagaya rediyetoci zuwa digiri 60, inda irin wannan boila ta fi tattalin gas. Wannan na kombi ne. Mai tankin ruwan zafi ya tambayi ma'aikacinsa kafin ya taɓa. In kana da niyyar sola, lokacin da ƙarafan hawa ke kafe jikin gida ne ya fi araha, ko aƙalla a ja bututun wayarta tun kafin a rufe bango.

Matakala da kariyar gobara sufeto ba zai ɗaga maka ƙafa a kansu ba, kuma daidai ne, 'ya'yanka ne za su kwana a hawa na uku. A gidanmu sai da aka canza ƙofofin da ke buɗewa kan matakala zuwa masu jure wuta na minti 30, aka sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, haɗe da juna da wutar gida. Ƙofar da ke saman matakalar tana da wani amfanin: in a rufe take, ɗumin ƙasa ba ya kwararowa sama ya bar falo da sanyi.

Sufeto minti kaɗan yake yi ya tafi, kai ne mai kwana a gidan. Ka shirya da ɗan kwangila tun farko cewa ba za a buga allon filasta ba sai ka gani da idonka, ka ɗaura wani kaso na biya a kan wannan matakin. Ka ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikin allon yana nuna kauri, ka adana da rasit ɗin kayan. Kada ka biya kuɗin ƙarshe sai takardar kammalawa ta hukumar gini ta shigo hannunka, sannan ka sabunta takardar EPC ta gidan, wato shaidar yadda gida ke tattalin makamashi, mai aiki shekara goma, don ta nuna abin da aka yi.

Mu dai gas ɗin da muka ƙona a hunturun da ya biyo baya bai kai na wanda ya gabace shi ba, duk da ƙarin ɗaki. Ba rufin kaɗai ya yi wannan ba, sabuwar boila ta taimaka, kuma audugar da muka tarar a saman tun asali ba ta fi kaurin yatsu uku ba. In za ka gwada naka, kwatanta adadin kilowat-awa (kWh) da ke jikin bil, ba fam ba, don farashi na hawa da sauka. A hunturun farko kuma ka yi gwaji biyu da ba su cin ko kwabo. Safiyar da aka tashi da farin sanyi a kan rufuna, fita ka dubi naka daga titi da bayan gida: inda ya riga na sauran narkewa, ta nan ɗumi ke fita. Ranar da ake iska kuma, rufe tagogi, kunna turaren tsinke, ka bi da shi a hankali gefen taga, bakin soket, ƙofar lungun ajiya da gindin bango. Inda hayaƙin ya kwanta gefe, akwai tsaga. Mu biyu muka samu, ɗaya a ƙasan tagar baya, ɗaya inda bututun banɗaki ya ratsa bango, na kira ɗan kwangilar ya zo ya liƙe su tun alkawarin gyaransa bai ƙare ba.